Yogot Mai Kumbura: Nazarin Matsalar Wankin Tankunan Sitenles a Wata Masana'anta a Birnin Kebbi

Wurin da yadda ake aiki (Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024)

Masana'antar ƙarama ce, tana bayan gari a Birnin Kebbi, a wani gida da aka mayar da ɗakunansa uku wurin aiki. Mai ita wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga koyarwa. Ta daɗe tana haɗa yogot a gida cikin manyan tukwane ana kai wa masu shaguna, har ciniki ya fi ƙarfin tukwanen. Da kuɗin sallamarta ta sa wani mai walda a Kano ya haɗa mata tankuna uku na ƙarfen sitenles, kowanne mai cin lita 500. Ɗaya na dafa madara ne, biyun kuma a cikinsu ake kwantar da ita har ta kama. Za a riƙa kiran waɗannan biyun tanki na ɗaya da tanki na biyu, kamar yadda aka rubuta musu da fenti daga baya. Ɗan ƙanenta ne ke kula da aikin yau da kullum, tare da ma'aikata huɗu.

Haɗin ba wani baƙo ba ne. Ana dama garin madara da sukari a ruwan bohol, a dafa har zafi ya kai digiri 85 na tsawon minti 30, a huce shi zuwa digiri 43, a tura shi tankin kwantarwa, a zuba iri a rufe. Irin yogot ƙwayoyin halitta ne masu amfani guda biyu, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, su ke cin sukarin madara su mayar da shi tsami. Bayan awa 5 zuwa 6 sai a motsa, a sanyaya, a ɗura a gorunan roba. Irin fakiti sau ɗaya ake buɗe shi a mako. Sauran kwanakin daga yogot ɗin jiya ake ɗiba a zuba, al'adar da aka gada daga masu kindirmo.

Wanki kuwa ga yadda yake. Da an gama ɗura, sai a watsa tafasasshen ruwa a cikin tanki. Idan ya ɗan huce yaro ya shiga da garin sabulu da soso ya goge inda hannunsa ya kai, a ɗauraye da tiyo, a rufe murfi sai gobe. Bawul ɗin da ke ƙasan kowane tanki, inda yogot ke fita, ba a taɓa kwance shi ba. Ruwan ɗauraya ne kawai ke bi ta cikinsa.

Kayan na zuwa shagunan cikin gari, da Kalgo da Jega da Argungu. Takardar da ke jikin gora ta ce yana yin kwana 14 a firij. Duk tsawon hunturu babu wanda ya dawo da gora ko ɗaya.

Goruna sun fara kumbura (ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2024)

Wani mai shago a Jega ne ya fara kira. Ya ce goruna suna cika da iska tun ba su yi mako ba, gindinsu ya turo waje har ba sa iya tsayawa, idan an murɗe murfi sai ya yi tsaki kumfa ta biyo. Ɗanɗanon ya koma mai yaji a harshe, da wari irin na kullu da ya kwana. An ɗauka firij ɗinsa ne, aka musanya masa kayan aka wuce.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. A garin da rana ke wuce digiri 40 a wannan lokacin, babu abin da ake nema da buɗa-baki kamar abu mai sanyi, saboda haka aka ninka aiki. Kowane tanki ya koma ɗaukar haɗi biyu a yini, wankin tsakani kuma ya zama na gaggawa. A mako na biyu na azumi ƙorafi ya zo daga shaguna da dama lokaci guda, har da waɗanda ke da sola, firij ɗinsu ba ya mutuwa. Kwana 14 ɗin nan ya dawo kwana 4 ko 5.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne ba kowane kaya ke lalacewa ba. A kwali ɗaya sai a samu wasu sun kumbura wasu lafiya ƙalau. A lokacin ba a rubuta lambar haɗi a jikin gora, ranar da aka yi kawai ake bugawa, don haka babu hanyar sanin wanne ya fito daga wane tanki.

Abubuwan da aka fara gwadawa (cikin azumi)

Garin madara aka fara zargi, domin an canza buhu a kwanakin. Aka koma wa tsohon, mai tsada. Ba ta canza zani ba.

Sai aka koma kan iri. Aka daina ɗiba daga na jiya, kowane haɗi aka riƙa buɗe masa sabon fakiti. Wannan ya ɗan rage, kayan suka ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin su kumbura, amma kumburin bai tsaya ba. Wani abokin sana'a ya ba da shawarar a sa sinadarin hana lalacewa, potassium sorbate, wanda ake amfani da shi don danne yis (ƙwayoyin nan da ke kumbura burodi) da hunhuna. An sa. Shi ma ya sayi 'yan kwanaki ne kawai, domin ƙarfinsa na da iyaka idan abin da ya shiga kayan ya yi yawa tun farko.

An kuma kashe kuɗi wajen sanyi: ƙarin awannin janareta da dare, da ƙanƙara a kulolin da ake kai kaya Argungu. A nan ne ɗan ƙanen nata ya fara cewa, "Gwaggo, wanga abu ba daga waje yake ba, daga cikin gidan ga yake." Dalilinsa shi ne ya ajiye goruna a firij ɗin masana'antar, wanda bai taɓa ɗumi ba, su ma suka kumbura.

Bilic da soson ƙarfe (Afrilu 2024)

Bayan ƙaramar sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, aka tsayar da aiki na kwana biyu don babban wanki. Aka sayo soson ƙarfe irin na kankare tukunya aka dirje cikin tankunan har suna ƙyalli. Sannan aka zuba lita 1 ta bilic irin na gida a bokitin ruwa mai lita 20, aka watsa a bangon kowane tanki, abin da ya taru a ƙasa aka bar shi ya kwana a rufe. Daga nan wannan ya zama ƙa'ida, kowane dare.

Yana da kyau a auna wannan haɗin. Bilic na gida ƙarfinsa wajen kashi 3.5 cikin 100 ne. Lita 1 a cikin lita 20 tana ba da kusan miligiram 1,700 na kulorin, sinadarin da ke aiki a cikin bilic, a kowace lita. Abin da aka saba yardarwa a kan kayan da abinci ke taɓawa bai wuce miligiram 200 ba, a ruwan sanyi, na 'yan mintoci, sannan a zubar. Wato sun ninka sama da sau 8, suka kuma mayar da mintoci dare guda.

Makon farko kaya suka yi kyau, kowa ya yi hamdala. A mako na biyu sai wata sabuwar matsala ta ɓullo: madara ta riƙa jinkirin kamawa, awa 6 ta zama 9, wani haɗin ma ya ƙi kamawa sam aka zubar. Ragowar bilic da ke maƙale a bawul da ƙasan tanki na kashe irin da aka zuba. Zuwa mako na uku kumburi ya dawo, ga kuma ɗige-ɗigen tsatsa a ƙasan tankunan da kan layin walda. Da aka ga tsatsa sai aka ƙara dirza da soson ƙarfe. Ta goge, bayan kwana biyu ta dawo ta fi da.

Zuwa ƙarshen Afrilu shagunan Argungu sun daina karɓar kaya. Hajiya kuma tana tsakiyar neman lambar hukumar NAFDAC, wadda sai jami'ai sun zo sun duba wurin aiki ake bayarwa. Ta nemi a ɗaga ranar zuwansu.

Abin da tocila ta nuna (farkon Mayu 2024)

Mai kawo musu gas ne ya yi musu hanyar wani dattijo ɗan Zuru da ya shekara da shekaru a sashen wankin tankuna na wani kamfanin giya da lemon malta kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Hajiya ta ɗan yi jim da jin inda ya yi aiki. Daga baya ta ce ilimin ƙarfe take nema, a kira shi. Ma'aikatan Baba suke ce masa, ita kuma Injiniya.

Bai tambayi komai game da madara ba. Ya sa aka wanke tanki na biyu yadda aka saba, aka bar shi ya bushe, aka rufe tagogi, ya leƙa da tocila yana haska bangon a karkace. Abin da ke ƙyalli da rana sai ya fito da wani farin ɓawo mai duhu-duhu, ya fi kauri a daidai inda madara ke tsayawa da kuma ƙarƙashin fikafikan abin motsawa. Ya sa farce ya kankara, ya fito kamar ƙanzon tukunya, sai dai shi fari ne. Wannan shi ake kira dutsen madara: gishirin kalsiyam na cikin madara da na ruwan bohol, haɗe da furotin da ya dahu ya manne. Sabulu ba ya narkar da shi, kuma jikinsa ƙananan ramuka ne da yis da sauran ƙwayoyi ke samun mafaka a ciki. Ya ce a tankin giya ma akwai ɗan'uwansa, dutsen giya, wanda kalsiyam oksalet ne, maganinsu kuma ɗaya.

Ya nuna musu inda laifin tafasasshen ruwan farko yake. Furotin ɗin madara idan ya sha zafi mai yawa dahuwa yake ya kama ƙarfe. Wato kullum da wankin nasu ke farawa, sai sun ƙara wa ɓawon nan sabon layi.

Sannan ya watsa ruwa a bango ya ce su duba. A kan ƙarfe mai tsabta ruwa shimfiɗuwa yake ya gangaro bai ɗaya. A nan ya tsattsaya ɗigo-ɗigo, alamar akwai maiƙo.

Daga nan ya nemi sifana ya kwance bawul. Irin na masu aikin famfo ne, mai ƙwallo a ciki. A bayan ƙwallon akwai wani lungu da yogot ke shiga duk lokacin da aka buɗe aka rufe, ruwan ɗauraya kuwa ba ya kaiwa can. Abin da ya fito daga lungun wani kauri ne ruwan toka mai yauƙi, warinsa ya cika ɗakin. Babu wanda ya yi magana. Kowace gora da aka ɗura tun Nuwamba ta bi ta kan wannan. A jikin tanki na biyu kuma akwai wani guntun bututu mai tsawon kusan santimita 30 da mai walda ya bari don ƙarin mafita, aka toshe bakinsa. Shi ma cike yake.

Game da tsatsa, bayaninsa ya ɗauki lokaci, ya kuma cancanci a kawo shi. Sitenles ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Nau'in da aka fi yin kayan abinci da shi, mai lamba 304, yana da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Kuromiyam ɗin nan idan ya haɗu da iska sai ya yi wata siririyar fata a kan ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa, idan ta karce kuma tana sake yin kanta muddin wurin na da tsabta yana shan iska. Kulorin na huda wannan fatar, ba ko'ina ba, a wuraren da take da rauni, ya yi ramuka ƙanana kamar bakin allura masu zurfi zuwa ciki. Daɗewa da ɗumi da rufewa duk suna ƙara masa ƙarfi, tankin da aka rufe da bilic dare guda a watan Afrilu kuwa ya haɗa ukun. Soson ƙarfe ya yi ɓarna biyu: ya karce fuskar ta yi kaushi, ya kuma bar ɓurɓushin baƙin ƙarfe a maƙale, wanda shi ke fara tsatsa ya ja na ƙarƙashinsa. Akwai nau'i mai lamba 316 da aka ƙara wa molibdenam kashi 2 zuwa 3, ya fi jure kulorin, amma ko shi ba a kwana masa da bilic.

An goga auduga a bawul, da kan walda, da kan bango mai santsi, aka kai ɗakin gwaji na wata makaranta. Na bawul da na walda suka fito da yis mai yawa. Yis ke cin sukarin yogot ya fitar da iskar da ke kumbura gora, kuma tsami da sanyin firij ba sa hana shi aiki, rage masa gudu kawai suke.

Soda da tsami (Mayu 2024)

Abu na farko, aka fitar da bilic da soson ƙarfe daga ɗakin. Aka sayo burushi mai gashin roba da soson roba mai laushi. Aka kuma fara rubuta lambar tanki a jikin kowace gora, ana ajiye uku daga kowane haɗi: biyu a firij, ɗaya a kan kanta, wato tebur, a zafin ɗaki, domin ita ke saurin tona asiri.

Baba ya haɗa musu ƙaramin injin tura ruwa da wata ƙwallon sitenles mai huji-huji da ake ratayawa a ƙarƙashin murfi. Ruwan wanki na fita ta ƙasan tanki, injin ya mayar da shi sama, ƙwallon ta fesa shi a bango, ya yi ta zagayawa. Da lita 60 ake wanke tankin lita 500, babu kuma mai shiga ciki da ƙafafunsa.

Sinadarin farko soda ce, irin ta masu haɗa sabulu. Ita ke narkar da maiƙo da furotin. Ma'auni giram 15 a kowace lita, wato giram 900 a lita 60, a zafin digiri 70 zuwa 75, ta zagaya minti 20. Ya kafa musu sharuɗɗa: sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta, domin tana ɗaukar zafi ta fantsamo. Ba a haɗa ta a bokitin alminiyam, cinye shi take. Safar hannu mai tsawo da tabarau da takalmin roba dole ne. A makon farko ta fallatsar wa wani yaro a hannu sama da inda safa ta tsaya, aka riƙe hannun a ƙarƙashin famfo kusan minti 20, ya tsira da ɗan ja a fata. Bayan wannan babu wanda aka sake roƙo ya sa kayan kariya.

An yi kwana goma da soda kaɗai, saboda ba a samu sinadari na biyu, wato asid mai narkar da dutsen madara, da wuri ba. Kaya sun gyaru sosai, amma gorar kan kanta tana kumbura a kwana na biyu, ɓawon kuma yana nan. Soda ba ta taɓa gishirin kalsiyam, a ruwa mai nauyi irin na bohol ɗinsu ma ƙara kwantar da shi take. Ɗan ƙanen Hajiya ya ce a sayo asid ɗin wanke tayil. Baba ya ce, "Ɗana, wannan ɗan'uwan bilic ne a wajen sitenles, kulorin ne a cikinsa. In ka zuba shi ka sayi sabon tanki." Manyan kamfanoni naitirik ko fosforik asid suke amfani da su. Su kuwa abin da ke samuwa a kasuwa ba tare da wahala ba shi ne sitirik asid, farin garin tsamin nan da masu zoɓo da lemo ke saye. Aka sa giram 20 a lita, a zafin digiri 60, minti 20, bayan an ɗauraye soda tas. Sai da aka maimaita haka kwanaki a jere kafin tocila ta daina nuna farin ɓawon.

Wani gargaɗin da ya kawo daga tsohon wurin aikinsa: tankin giya idan an kwashe shi cike yake da iskar kabon, soda kuma na shanye wannan iskar, idan tankin a rufe yake sai ya zuƙe ya lanƙwashe. A nan babu wannan iskar, amma ruwan sanyi a kan tanki mai zafi da aka toshe na iya yin irin haka. Saboda haka hujin numfashi na murfi a buɗe yake duk lokacin wanki. Ya kuma hana ajiye bilic kusa da asid ko a ɗakin ajiya, domin haɗuwarsu na fitar da iska mai guba.

Matakin ƙarshe shi ne kashe ƙwayoyi, kuma ba da dare ake yinsa ba, da safe ne dab da zuba madara: ruwan zafi digiri 85 ya zagaya minti 20, ya bi ta bawul da tiyo da bakin ɗura.

Tanki na biyu ya ƙi (Yuni 2024)

Zuwa farkon Yuni littafin ajiya ya raba gardama. Gorunan tanki na ɗaya suna cika kwana 14 a firij ba kumburi. Na tanki na biyu, da wanki iri ɗaya, suna lalacewa a kwana 8 zuwa 9.

An riga an canza bawul ɗin duka biyun zuwa irin na kayan abinci, mai faifai a ciki, wanda ake kwancewa da hannu a wanke shi da robarsa kullum. Abin da ya rage shi ne jikin ƙarfen. Waldar cikin tanki na biyu ba a goge ta ba tun asali, tana da kaushi da launin shuɗi da ruwan ƙasa na ƙuna. Wurin da ya ƙone haka kuromiyam ɗinsa ya ragu, nan bilic ya fi yin ramuka. Ramin da bakinsa bai fi na allura ba feshin ruwa ba ya wanke cikinsa.

An kuma yi shakkar ko ƙarfen nasa 304 ne da gaske, domin ya fi ɗan'uwansa tsatsa nesa ba kusa ba. An gwada da maganaɗisu bai kama ba, amma wannan bai raba gardama ba, domin nau'i mai araha mai lamba 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis, shi ma ba ya kamawa. Rasit dai 304 ya ce, babu wata takardar shaida bayan wannan.

Bayan babbar sallah, wadda ta kama 16 ga Yuni, aka kawo mai waldar argon. Ya yanke guntun bututun nan ya toshe wurin daidai da bango, ya goge layukan walda, ya bi ramukan da suka gogu. Baba ya tsaya a kansa ya tabbatar faifan giranda sabo ne da bai taɓa baƙin ƙarfe ba, domin tsohon faifai zai sake dasa ɓurɓushin da ake gudu. Aka goge da takarda mai laushi har wurin ya yi santsi, aka wanke da soda, sannan aka yi wa tankunan biyu wankin farfaɗo da fatar ƙarfe: sitirik asid giram 50 a lita, digiri 60, minti 30. Wannan na cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga fuskar. Aka ɗauraye aka bar su a buɗe kwana biyu suna shan iska.

Tanki na ɗaya bai sake tsatsa ba. Na biyu ya yi mako uku lafiya, sai ɗige-ɗigen suka dawo a ƙasansa, inda bilic ya fi kwanciya kuma ramukan suka fi zurfin da za a goge ba tare da an huda ƙarfen ba. A ƙarshen Yuli Hajiya ta ce, "Injiniya, a bar shi haka nan." Aka mayar da shi na ɗumama ruwan wanki.

Tsarin da ya zauna (Agusta 2024 zuwa Afrilu 2025)

An ci gaba da tankin kwantarwa ɗaya har zuwa Disamba, lokacin da aka sayi wani. A wannan karon sai da aka leƙa cikinsa da tocila a wurin mai walda, aka nemi a goge waldar ciki, aka ƙi yarda da duk wani bututu marar mafita.

Wankin da aka liƙa a bango ga shi a jere. Da an kwashe yogot, kafin ya bushe, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 45 ba har ya fito garau. A kwance bawul da robobi da bakin ɗura a wanke su da burushi daban. Soda minti 20. A ɗauraye har takardar gwajin tsami ta nuna babu sauranta. Sitirik asid sau biyu a mako. A bar tanki ya tsane da murfi a ɗage. Da safe ruwan zafi. Duk ranar Asabar a haska da tocila. Mai wanki na rubuta lokaci da zafin ruwa ya sa hannu.

Gas ɗin ɗumama ruwa ya zama nauyi, don haka daga baya aka samo sinadarin kashe ƙwayoyi na farasetik asid daga Kano, mai ƙarfin kashi 15 cikin 100. Mililita 1 a lita na ba da wajen miligiram 150, yana aiki a ruwan sanyi cikin 'yan mintoci, yana kuma rikiɗewa ya koma ruwan tsami da iska da ruwa. Ya maye gurbin ruwan zafin safe a yawancin kwanaki.

Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris, aiki ya sake ninkuwa. Wannan karon an rage haɗi ɗaya a yini maimakon a gajarta wanki. Daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu haɗi ɗaya ne gorarsa ta kan kanta ta kumbura da wuri, aka bi littafi aka samu robar bawul ce ta tsage, aka canza ta kafin kayan su fita.

Hukunci

Matsalar ba daga zafi ta samo asali ba. Dattin bawul da dutsen madara suna taruwa tun hunturu, zafi da ninka aiki suka fito da su fili, ɗiban iri daga na jiya kuma ya riƙa kai yis daga haɗi zuwa haɗi. Gwaje-gwajen azumi sun gaza ne domin duk a kan madara da sanyi suke, madarar kuwa lafiya take fita daga tankin dafawa, a gaba take gamuwa da abin da ke lalata ta.

Bilic ya gaza ne domin an sa shi ya yi aikin da ba nasa ba. Maganin kashe ƙwayoyi fuskar da ya taɓa kawai yake yi wa aiki, dattin madara kuma na cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga abin da ke ƙarƙashi. Shi ya sa ya ba su mako ɗaya na sauƙi. Abin da ya yi aiki shi ne jerin: soda ta ɗauke maiƙo da furotin, asid ya ɗauke dutse, sannan a kashe abin da ya rage a kan ƙarfe tsirara. Kwana goman da aka yi da soda kaɗai sun nuna ɗaya ba ya wadatarwa.

A ganina mataki mafi arha shi ne ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi jinkirtawa: lambar tanki a jikin gora da ajiye samfuri. Da an fara shi a Maris, da ba a kashe kuɗi a madara da ƙanƙara ba, da wataƙila ba a kai ga bilic ba, tanki na biyu kuma da yana nan yana aiki.

Ma'aikatan ba su yi lalaci ba. Sun fi dirza a lokacin da ɓarna ta fi yawa. Tankuna aka miƙa musu ba tare da an gaya musu abin da ƙarfen ke so da abin da yake ƙi ba, kuma wannan giɓin yana nan a yawancin ƙananan masu yogot da zoɓo da kunun aya da ke barin tukwane suna komawa sitenles a garuruwanmu. Mai haɗa tanki ya kamata ya ba da shi da waldar ciki a goge, da bawul mai kwancewa, da takardar nau'in ƙarfe, mai saye kuma ya ƙi biyan kuɗi sai ya ga ukun. Shagunan Argungu da suka daina karɓa a Afrilun 2024, biyu ne daga cikinsu suka dawo, sauran sun kama wani mai kawo musu.